Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihin Marine, Ƙungiyar da Ta Fara Karɓar Baƙuncin 'Yan Ƙwallon Najeriya a Ingila

Mafi yawan masu kallon ƙwallon Ingila sun fara jin sunan Marine ne a watan Janairun 2021, lokacin da ƙuri'ar gasar cin Kofin FA ta haɗa ta da Tottenham. Sai dai ƙungiyar ta riga ta haura shekara 125 da kafuwa kafin wannan rana, kuma a cikin tarihinta akwai babin da ya shafi Najeriya kai tsaye. Ga tambayoyin da aka fi yi game da ita, tare da amsoshinsu.

Wace ƙungiya ce Marine, kuma a ina take?

Marine ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce da ke garin Crosby, wani gari na bakin teku da ke arewa da birnin Liverpool, a yankin Merseyside. An kafa ta a shekarar 1894, wato shekara biyu kacal bayan kafa ƙungiyar Liverpool. Waɗanda suka kafa ta 'yan kasuwa ne na yankin da wasu tsofaffin ɗalibai, kuma sun yi taronsu na farko a wani otal mai suna Marine da ke unguwar Waterloo, daga nan ne sunan ya samo asali. Kayan wasanta fari da baƙi ne. A farkon shekarun 1900 ta koma filin Rossett Park da ke kan titin College Road, kuma har yau a nan take buga wasanninta na gida, ko da yake yarjejeniyar talla ta sa ana kiran filin da wasu sunaye, na baya-bayan nan da aka fi sani shi ne Marine Travel Arena.

Me ake nufi idan an ce 'yan wasanta ba ƙwallo ce kaɗai sana'arsu ba?

A Ingila akwai ƙungiyoyi iri uku idan aka duba yadda suke biyan 'yan wasa. Akwai waɗanda ƙwallo ce cikakkiyar sana'ar 'yan wasansu, da safe su je atisaye, ƙarshen wata su karɓi albashi. Akwai na sha'awa zalla, waɗanda ba a biyan kowa ko sisi. Sannan akwai na tsakiya, inda Marine ta daɗe: ɗan wasa yana karɓar wani abu a kowane mako, amma abin bai isa ya riƙe gida ba, don haka yana da aikin da yake zuwa da rana. Wani malamin makaranta ne, wani ma'aikacin asibiti, wani mai gyaran famfo, wani kuma ɗalibi. Atisaye galibi sau biyu ne a mako, da daddare bayan an tashi daga aiki, sai wasa ranar Asabar da ƙarfe uku na rana, wani lokaci kuma a ƙara da na daren Talata.

Wannan rabe-rabe yana da tsohon tarihi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wadda ake kira FA, ta halasta biyan 'yan wasa a 1885, kuma daga nan aka shafe kusan shekara 90 ana bambanta ɗan wasan sha'awa da ɗan wasan kuɗi a hukumance, kowanne da gasanninsa. A 1974 hukumar ta soke wannan bambanci, kowa ya koma ɗan wasa kawai, ƙungiya ta biya gwargwadon ƙarfinta. Marine ta yi shekarunta na farko ne a sahun 'yan sha'awa, kuma a can ta fara yin suna.

A wane mataki take a tsarin gasannin Ingila?

Ana kwatanta tsarin da dala, mai tsini a sama da faɗi a ƙasa. Gasar Firimiya ce a ƙololuwa da ƙungiyoyi 20, sai Championship da League One da League Two, kowacce da ƙungiyoyi 24, jimilla 92 ke nan. Daga mataki na biyar zuwa ƙasa ne ake samun ƙungiyoyin da masu sharhin wasanni a Hausa kan kira 'yan dagaji, ko da yake kalmar ba ta yi musu adalci ba, domin akwai masu tarihin da ya girmi na wasu manyan ƙungiyoyin Turai. Mataki na biyar shi ne National League, na shida ya rabu gida biyu, arewa da kudu, kuma duk yadda aka ƙara sauka rukunonin suna ƙara yawa, saboda a rage wa ƙananan ƙungiyoyi kuɗin tafiya mai nisa.

A ƙa'ida babu abin da zai hana ƙungiyar ƙauye hawa daga ƙasa har Firimiya idan ta ci gaba da cin wasa. A aikace kuwa akwai sharuɗɗan fili da na kuɗi a kowane mataki, kuma tarihin Marine ya nuna yadda waɗannan sharuɗɗa ke iya tare hanya. Lokacin da ta kara da Tottenham tana mataki na takwas ne. A 2024 ta kai mataki na shida.

Wane abin tunawa ta yi a shekarunta na farko?

Ta fara ne a gasannin cikin yankin Liverpool, irin su I Zingari League da Liverpool County Combination, inda ta lashe kambuna da dama. Babbar ranarta a wancan zamani ta zo a 1932, lokacin da ta kai wasan ƙarshe na Kofin 'Yan Sha'awa na FA, wanda a lokacin shi ne kofi mafi daraja ga duk ƙungiyar da ba ta biyan albashi. An buga wasan a Upton Park, filin West Ham na wancan lokaci da ke Landan, a gaban 'yan kallo kimanin 22,000, kuma Dulwich Hamlet ta lallasa ta da ci 7 da 1. Kashi ne mai ciwo, amma ya kamata a san cewa Dulwich ta wancan lokaci tana da Edgar Kail, mutumin da ya buga wa babbar tawagar Ingila wasa a 1929 alhali bai taɓa barin ƙungiyarsa ta 'yan sha'awa ba. Daga baya Marine ta shiga Lancashire Combination, sannan a 1969 ta koma Cheshire County League.

Mece ce alaƙar Marine da Najeriya?

A watan Agustan 1949 aka zaɓi 'yan wasa 18 daga ƙungiyoyin Najeriya, aka haɗa su tawaga ɗaya, suka shiga jirgin ruwa mai suna Apapa daga Legas zuwa Liverpool, tafiyar kusan mako biyu a kan teku. Wannan ce tawagar farko da ta je Ingila da sunan Najeriya, shekara 11 kafin samun 'yancin kai, kuma ita ake ɗauka a matsayin tushen tawagar ƙasa da daga baya aka sani da Red Devils, sannan Green Eagles, sannan Super Eagles. Kyaftin ɗinta shi ne Etim Henshaw. A cikinta akwai mai tsaron raga Sam Ibiam, da Dan Anyiam wanda babban filin wasa na Owerri ke ɗauke da sunansa, da Teslim Balogun da ake yi wa laƙabi da Thunder saboda ƙarfin bugunsa, wanda shi ma aka sanya wa wani filin wasa da ke Surulere a Legas sunansa. Tsohon ɗan wasan Fulham, Jack Finch, shi ya horar da su a Ingila.

Kwana kaɗan da saukarsu, a ƙarshen watan Agusta, suka buga wasansu na farko, kuma Marine ce ta karɓe su a Rossett Park. Aƙalla mutum 4,000 ne suka cika ɗan ƙaramin filin, taron da har yanzu ake ambata a matsayin mafi girma a tarihinsa. Baƙin suka ci 5 da 2. Mutanen da suka fito domin su ga abin mamaki, wato 'yan Afirka masu taka leda ba takalmi, sun koma gida sun ga ƙwallon da ta fi tasu sauri.

Tawagar ta buga wasa tara a wannan ziyara, ta ci biyu, ta yi kunnen doki biyu, aka doke ta a biyar. Nasara ta biyu a kan Bromley ce. Daga cikin waɗanda suka doke ta akwai Bishop Auckland, da kuma Dulwich Hamlet ɗin nan da ta hana Marine kofi a 1932. Wasan ƙarshe ya sake dawo da su Merseyside, inda suka tashi 2 da 2 da South Liverpool a ƙarƙashin hasken fitilu, abin da a lokacin sabo ne ko ga Turawan Ingila. A hanyar komawa gida jirginsu ya tsaya a Freetown, suka doke Saliyo 2 da nema ranar 8 ga Oktoba 1949, kuma wannan ne ake lissafawa a matsayin wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin Najeriya. To amma nasarar farko da wannan tawaga ta Najeriya ta samu a wajen ƙasarta, a Crosby aka same ta, a filin da har gobe ake wasa a cikinsa. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mai son ƙwallo a Kano ko Jos ya riƙe sunan Marine, kuma abin takaici ne yadda ba a cika ambaton wannan wasa ba idan ana ba da tarihin Super Eagles.

Da gaske ne ba takalmi suka yi wasan?

Gaskiya ne. Mafi yawansu sun shiga fili da ƙafa tsirara, sun naɗe idon sawu da tafin ƙafa da bandeji, yatsu a waje. A haka suka saba wasa a busassun filayen gida, kuma takalman ƙwallo na wancan zamani masu nauyi ne, na fata mai tauri da ke rufe idon sawu. A busasshen fili rashin takalmin ya ba su sauƙin juyi da gudu. Da ruwan sama ya jiƙa ciyawa kuwa sai santsi ya zame musu matsala, kuma kashi mafi muni da suka sha a ziyarar shi ne 8 da nema a hannun zaɓaɓɓun 'yan wasan Athenian League, wata gasar 'yan sha'awa ta yankin Landan. Ziyarar ta buɗe wa wasunsu ƙofa, domin Balogun ya dawo Ingila a shekarun 1950, ya buga wa Peterborough United da Queens Park Rangers.

Wane ne Roly Howard, kuma me ya sa ba a maganar Marine ba tare da shi ba?

Roly Howard ya karɓi aikin horar da Marine a 1972, bai ajiye ba sai a 2005. Shekara 33 ke nan a kan kujera ɗaya, wasanni 1,975, kuma kundin bajinta na Guinness ya amince da shi a matsayin kocin da ya fi kowa daɗewa a ƙungiya ɗaya a lokacin. Domin a gane girman adadin, Sir Alex Ferguson ya yi shekara 26 da 'yan watanni a Manchester United, ya jagoranci wasanni 1,500.

Bambancin shi ne Howard yana da wata sana'ar da yake ci da ita: mai wanke tagogin gidaje ne. Da safe yana kan tsani da bokiti da tsumma, da daddare yana bakin fili yana ba da umarni, kuma an sha ba da labarin cewa gidan Kenny Dalglish, fitaccen tsohon ɗan wasan Liverpool, na cikin gidajen da yake wanke wa tagogi. Babu wani abin kunya a cikin wannan, kuma mutanen Crosby ba su taɓa ɗaukarsa abin kunya ba. Shi ne ma ainihin ma'anar ƙwallo a wannan mataki, inda mutum ke ba da darensa da Asabar ɗinsa shekara da shekaru saboda abin da ba zai taɓa azurta shi ba.

A ƙarƙashinsa Marine ta lashe Cheshire County League sau uku, a 1974 da 1976 da 1978. A 1979 aka kafa gasar ƙasa baki ɗaya ta ƙungiyoyin da ke ƙasa da manyan rukunoni huɗu, wadda ita ce National League ta yau, manyan ƙungiyoyin arewa suka tafi can, Marine kuma ta samu gurbi a Northern Premier League, gasar arewa da suka bari. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe na FA Trophy, kofin ƙungiyoyin da ke ƙasa da manyan rukunoni huɗu, sau biyu, Northwich Victoria ta fitar da ita a 1984, Witton Albion kuma a 1992. A Kofin FA ta doke ƙungiyoyin ƙwararru irin su Barnsley a 1975 da Halifax Town a 1992, kuma a wannan kaka ta 1992/93 ta kai zagaye na uku karo na farko, inda Crewe Alexandra ta cire ta da ci 3 da 1. Ta kuma ɗauki Liverpool Senior Cup sau da dama, kofin yanki da Liverpool da Everton kan shiga da matasan 'yan wasansu. Ƙololuwar aikinsa ita ce lashe Northern Premier League sau biyu a jere, a 1994 da 1995.

Idan ta zama zakara sau biyu a jere, me ya hana ta hawa mataki na gaba?

Filinta ne ya hana ta. Rossett Park yana tsakiyar unguwa, gidajen mutane sun kewaye shi, kuma 'yan kallo suna iya tsayawa ne a ɓangarori uku kawai. A ɓangare na huɗu babu komai tsakanin layin fili da lambunan bayan gidajen titin Rossett Road sai wurin zaman koci da 'yan canji, da shinge da doguwar raga. A jikin shingen an rubuta lambar kowane gida, domin idan ƙwallo ta tsallaka a san ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa a roƙo ta.

Masu duba filaye na gasar da ke sama, wadda a lokacin ake kira Conference, suka ce filin bai cika sharuɗɗa ba. Saboda haka zakara ta zauna inda take. A 1995 Morecambe da ta zo ta biyu ce ta hau a madadinta, kuma bayan shekara 12, a 2007, Morecambe ta shiga League Two, sahun ƙwararru. Duk mai goyon bayan Marine da ya kai shekarun tuna wancan lokaci yana da dalilin tambayar kansa inda ƙungiyar za ta kai da an bar ta ta hau.

Hukuncin yana da hujjarsa, musamman da yake an yanke shi ne 'yan shekaru bayan gobarar filin Bradford a 1985 da turmutsitsin Hillsborough a 1989, lokacin da tsaron lafiyar 'yan kallo ya zama abin da ba a wasa da shi a Ingila. Duk da haka yana da wuya mutum ya ga 'yan wasa sun yi kaka biyu suna kan gaba, sannan a ce musu ladan bai wuce kofi ba, bai ji cewa an tauye su ba.

Akwai fitaccen ɗan wasan da ya fito daga Marine?

Wanda aka fi sani shi ne Jason McAteer. Daga Marine Bolton Wanderers ta ɗauke shi a 1992, bayan shekara biyu ya buga wa Jamhuriyar Ireland gasar cin kofin duniya a Amurka, a 1995 kuma Liverpool ta saye shi a kan fam miliyan 4.5. Shi ne ya ci ƙwallon da Ireland ta doke Holan da ita a 2001, wadda ta taimaka wajen hana Holan zuwa gasar cin kofin duniya ta 2002.

Me ya faru bayan zamanin Howard?

Shekarun da suka biyo baya na lallaɓawa ne. Tun a 2004, da aka ƙirƙiro sabon mataki na shida mai rukunin arewa da kudu, Marine ba ta samu shiga ba, sai ta wayi gari a mataki na bakwai ba tare da ta faɗi ba. Ta ci gaba da zama a babban rukunin Northern Premier League har kaka 40 a jere, wasu lokutan tana neman hawa, wasu lokutan da ƙyar take tsira. A 2019, shekarar da ta cika 125 da kafuwa, ta faɗi zuwa mataki na takwas, kuma wannan ne karo na farko da ta taɓa faɗuwa daga wani rukuni a tarihinta. Kocinta a lokacin shi ne Neil Young, wanda ya zo a 2018, mutumin da a baya ya hau da Chester mataki uku a jere. Shugabannin ƙungiyar ba su kore shi ba.

Ta yaya ƙungiyar mataki na takwas ta kai ga haɗuwa da Tottenham?

Kofin FA, wanda aka fara a kakar 1871/72, a buɗe yake ga ɗaruruwan ƙungiyoyi, amma ba a lokaci ɗaya suke shiga ba. Ƙanana suna farawa tun ƙarshen bazara da zagayen share fage, ƙungiyoyin League One da League Two suna shiga a zagaye na farko, na Firimiya da Championship kuma sai a zagaye na uku, cikin Janairu. Kafin Marine ta isa wannan zagaye a kakar 2020/21 sai da ta fitar da ƙungiyoyi bakwai.

Ta fara da Barnoldswick Town, sai Frickley Athletic, sai Runcorn Linnets, sai Nantwich Town, sannan ta je gidan Chester, tsohuwar ƙungiyar kocinta wadda ke mataki biyu sama da ita, ta ci 1 da nema. A zagaye na farko ta je gidan Colchester United ta League Two, aka tashi 1 da 1, ta yi nasara a bugun fenareti. A zagaye na biyu ta karɓi Havant & Waterlooville, aka cinye minti 90 babu ci, aka shiga ƙarin lokaci, har ana shirin bugun fenareti sai Niall Cummins, malamin makaranta, ya tura ƙwallo raga a minti na ƙarshe. Da haka Marine ta zama ƙungiya ta biyu daga mataki na takwas da ta taɓa kaiwa zagaye na uku, bayan Chasetown a kakar 2007/08. Da aka jefa ƙuri'a sai ta faɗo mata da Tottenham, kuma a gida. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai kimanin matsayi 160, mafi faɗi da aka taɓa gani a tarihin gasar har zuwa lokacin.

Yaya wasan ya kasance?

An buga shi ranar Lahadi 10 ga Janairu 2021, tashar BBC ta nuna shi kai tsaye. José Mourinho ya zauna a bakin fili, bayansa shingen nan mai lambobin gidaje, a bayan shingen kuma maƙwabta ne cikin rigunan sanyi suna kallo daga lambunansu, su kaɗai ne 'yan kallon da dokar kulle ta annobar korona ba ta iya hanawa ba tunda a gidajensu suke. A cikin 'yan wasan Marine akwai malamai, da ma'aikatan lafiya, da mai aikin kwashe shara. A ɗaya ɓangaren akwai Dele Alli da Lucas Moura da Joe Hart, Gareth Bale kuma ya shigo daga baya.

Minti 20 na farko Marine ta riƙe wuta. A daidai nan ne Neil Kengni na Marine ya hango Hart, golan Tottenham, ya ɗan fito, ya ɗaɗa ƙwallo daga nesa, ta wuce saman golan ta daki sandar sama ta dawo. Da ta sauka ƙasa da faɗin tafin hannu, da ƙungiyar mataki na takwas ce ta fara cin Tottenham. Bayan 'yan mintuna Carlos Vinícius ya buɗe raga, kuma kafin hutun rabin lokaci ya ci uku, Moura ya ƙara ɗaya da bugun tazara. Bayan an dawo Alfie Devine ya ci ta biyar yana da shekara 16, ya zama mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa ci wa Tottenham ƙwallo. Aka tashi 5 da nema. Ya kamata a yaba wa Mourinho a kan abu ɗaya, wato bai raina wasan ba, ya zo da manyan 'yan wasa, kuma wannan girmamawa ce ga masu masaukinsa.

Tunda babu 'yan kallo, ta ina ƙungiyar ta amfana?

Da farko abin ya zo kamar asara. Wasa irin wannan shi ne ke ciyar da ƙaramar ƙungiya shekaru, amma annobar korona ta sa an hana kowa shiga, har 'yan kaɗan ɗin da aka yi niyyar bari tun farko, kuma ƙungiyar ta ƙiyasta cewa za ta rasa kusan fam 100,000. Sai shugabanninta suka fito da dabarar sayar da tikiti ta intanet a kan fam 10, tikitin da mai shi ya san ba zai shiga fili da shi ba. Magoya bayan Tottenham ne suka fara rububin saye, sannan na Liverpool da Everton da sauran jama'a daga ƙasashe daban-daban suka biyo baya. An sayar da 30,697, wato sama da fam 300,000, adadin da ya ninka abin da filin zai iya ɗauka sau da yawa. Jamie Carragher, tsohon ɗan bayan Liverpool wanda ya tashi a Bootle da ke kusa, ya ɗauki nauyin tallan wurin zaman koci ta hannun gidauniyarsa. A kan wannan aka ƙara kuɗin nuna wasa a talabijin da ladan zagayen da ta tsallake.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka kashe kuɗin. Ƙungiyoyi da yawa a irin wannan mataki sun samu kuɗi kwatsam, suka zuba su a albashin 'yan wasa, bayan kaka biyu suka koma gidan jiya ko ma suka rushe. Marine ta sa kaso mai yawa a gyaran fili da gine-ginenta, kuma a 2022 ta shimfiɗa ciyawar roba, wadda ruwan sama ba ya hana wasa a kanta, ake kuma ba da hayarta ga yara da ƙungiyoyin unguwa duk mako.

Daga ina irin wannan ƙungiya ke samun kuɗin tafiyar da kanta a shekarar da babu Tottenham?

Daga kuɗin ƙofa, da tikitin kaka, da tallan 'yan kasuwar gari da ake liƙawa a allunan gefen fili da jikin riguna, da abinci da abin sha da ake sayarwa ranar wasa, da hayar zauren taro don bukukuwa. Idan aka yi sa'a a Kofin FA ko FA Trophy sai a samu ƙari. Amma babban jarin da ba ya shiga littafin lissafi shi ne aikin sa kai. Mai karɓar kuɗi a ƙofa, da mai sayar da ɗan littafin shirin wasa, da mai sanarwa a lasifika, da mai wanke riguna, da mai bin gidaje neman ƙwallon da ta tsallake shinge, yawancinsu ba a biyansu, kuma wasunsu sun gāji aikin ne daga iyayensu. Kasancewar filayen Liverpool da Everton ba su da nisa ya sa Marine ba ta taɓa zama ƙungiyar dubban magoya baya ba, amma tsadar tikitin Firimiya ta sa wasu iyalai sun gwammace su kai 'ya'yansu Crosby ranar Asabar, inda yaro zai tsaya dab da layi, ya ji abin da koci ke faɗa, bayan wasa kuma ya gaisa da ɗan wasan da wataƙila shi ne malaminsa a makaranta.

Ina ƙungiyar ta kai bayan wannan wasa?

Annobar ta sa an soke kakar 2020/21 a matakinta kafin a kammala, don haka sai a kaka ta gaba ta samu damar neman hawa. A 2022 ta bi ta wasannin cike gurbi, ta doke Runcorn Linnets 2 da 1 a wasan ƙarshe, ta koma mataki na bakwai. A 2024 ta sake bin wannan hanya, ta je gidan Macclesfield, ƙungiyar da ta fi ta kuɗi da yawan magoya baya, ta ci 2 da 1, ta hau National League North. Neil Young, wanda ƙungiyar ta faɗi a hannunsa a 2019, shi ne ya jagorance ta a hawan biyu. Shekara 20 ke nan cif tun da sauyin tsari ya sauke ta daga mataki na shida, kuma ta koma can ne tana wasa a Rossett Park, filin da ya hana ta hawa a 1994 da 1995, wanda Etim Henshaw da abokansa suka taka da ƙafa tsirara a 1949.